Jessie Willcox Smith: Shaida a Kan Matar da Ta Yi Shekara 15 Tana Zana Bangon Mujalla Guda

Masu kallo idan suka ga zanen Jessie Willcox Smith, abin da suke fara faɗa shi ne, "Kai, matar nan tana ƙaunar yara." Ba su yi ƙarya ba. Sai dai mu da muka san hanyar da zane yake bi daga hannun mai shi har ya fito daga bakin inji, wani abu ne daban yake tsaya mana a rai. Mace ce da ta laƙanci abin da maɗaba'ar zamaninta za ta iya ɗauka da wanda ba za ta iya ba, ta riƙa zana daidai gwargwado, inji na ci gaba tana sauya hannu. Shaidar da za mu bayar a kanta ke nan.

An haife ta ranar 6 ga Satumba, 1863, a birnin Filadelfiya na ƙasar Amurka. Ba ta tashi da fensir a hannu ba. Tana da shekara 16 aka tura ta Sinsinati wurin dangi don ta ƙarasa karatu, can ta koyi aikin koyarwa a makarantar renon ƙananan yara. Aikin bai karɓe ta ba: doguwa ce, ga ciwon baya, ga yini a sunkuye kan yara. Ana cikin haka aka ja ta zuwa wani darasin zane, a nan ta gane inda hannunta ya fi. Ta koma gida, ta shiga makarantar zane ta mata a 1884, shekara na zagayowa ta wuce babbar makarantar zane ta jihar Fensilbeniya, ta zauna gaban Thomas Eakins.

Eakins ba malami ne mai lallashi ba. Ƙashi da tsoka yake koyarwa, har da feɗe gawa, yana kuma ɗaukar kyamara a matsayin kayan aikin mai zane. An sallame shi a 1886 saboda rigimar da ta tashi kan tsiraicin masu tsayawa a zana su, amma abin da ya shuka ya riga ya tsira. Amfanin wannan karatu ga mai zanen yara ba kaɗan ba ne. Wanda bai san ƙirar jiki ba, babban mutum yake zanawa ya rage masa tsawo, sai yaron ya fito tsoho a ƙaramin jiki. Idan aka auna da tsawon kai, babba kai 7 da rabi ne, ɗan shekara 1 wajen kai 4, ɗan shekara 3 wajen kai 5. Idanun babba suna tsakiyar kai, na jariri suna ƙasa da tsakiya domin goshi ya cinye wuri. Wuya kusan babu, ciki ya turo, ƙafafu a ware saboda nauyin yana sama. A bayan hannu kuwa, inda babba yake da ƙullin gaɓa, yaro 'yan ramuka gare shi. Duba hannun kowane yaro a zanenta, za ka tarar da su.

Zanenta na farko da aka buga ya fito a mujallar yara ta St. Nicholas a watan Mayun 1888, shekarar da ta gama makaranta. Yabo ba ya biyan kuɗin haya, don haka ta kama aiki a sashen talla na Ladies' Home Journal, mujallar mata da ake bugawa a Filadelfiya. Aikin ƙasa-ƙasa ne: a miƙo mata zanen da wani ya fara ta ƙarasa, ta ƙawata gefen shafi, ta shirya tallar safa ko sabulu. Masu rubuta tarihinta kan yi saurin wuce waɗannan shekaru. Mu kam a nan muke ganin makarantarta ta gaskiya, domin a teburin talla ne mutum yake ganin zanensa yau, ya ga abin da inji ya mayar da shi gobe.

Lokacin ma ya zo mata daidai. Kafin nan, zane ba ya shiga mujalla sai ya bi ta hannun masassaƙi, wanda zai kwafe shi a kan katako mai tauri da 'yar wuƙarsa, layi bayan layi. Abin da mai karatu yake gani rabi hannun mai zane ne, rabi na masassaƙi. A shekarun da ta fara aiki ne kyamara ta karɓe wannan aiki. Idan zanen layi ne, baƙi da fari kawai, ana ɗaukar hotonsa, a juyar da shi kan farantin tutiya, asid ya cinye duk inda babu layi, layin ya rage a tsaye ya ɗauki tawada. Wannan hanya tana da sharuɗɗanta. Ana zana aikin ya fi yadda za a buga shi girma, ninki ɗaya da rabi ko biyu, don raguwar ta ɓoye rawar hannu. Amma raguwa tana sirantar da layi, tana kuma matse tazarar da ke tsakanin layuka: layin da ya cika siriri zai tsinke a asid, inuwar da aka cika wa layuka kuma za ta haɗe ta zama baƙin tabo. Tawadar da aka tsarma da ruwa ba ta fita. Kyamarar wancan zamani tana ganin shuɗi fari, tana ganin ja baƙi, shi ya sa masu zane suke tsara aikinsu da shuɗin fensir ba sai sun goge ba.

Zanen da yake da inuwa mai hawa-hawa kuwa sai an farfasa shi zuwa ɗige-ɗige. Ana sa gilashi mai layuka a gicciye gaban farantin kyamara, haske ya bi ta ƙananan tagogin, wuri mai duhu ya ba da manyan ɗigo, wuri mai haske ya ba da ƙanana. A Filadelfiya ɗin nan Frederic Ives ya yi aikinsa kan wannan dabara, a nan kuma 'yan uwa biyu, Louis da Max Levy, suka kammala irin gilashin da maɗaba'u suka runguma a farkon shekarun 1890. Takardar jarida ba ta ɗaukar fiye da layi 60 zuwa 85 a inci guda, mai santsi ta mujalla tana ɗaukar 120 zuwa 150. Illar wannan hanya ita ce tana danne bambanci: fari tas yakan fito da 'yar toka sai an kankare ɗigon da hannu, baƙi ƙirin kuma yakan sassauta. Mai zanen da bai ƙara wa haskensa da duhunsa ƙarfi ba, aikinsa zai fito a dishe.

A 1894, tana da shekara 31, ta shiga ajin farko da mai zanen littattafai Howard Pyle ya buɗe a cibiyar Drexel da ke Filadelfiya. Eakins ya koya mata jiki, Pyle ya koya mata labari. Karatunsa shi ne mai zane ya shiga cikin hoton ya zauna, ya san abin da ya faru kafin wannan lokaci da abin da zai biyo baya, sannan ya zaɓi daƙiƙa guda. Pyle kuma yana da ƙafa a kamfanonin buga littattafai, shi ya samo mata ita da wata ɗalibarsa, Violet Oakley, aikin zana wa doguwar waƙar Evangeline hotuna, aka buga a 1897.

A wannan aji ta haɗu da Oakley da Elizabeth Shippen Green, suka kama ɗakin aiki tare a titin Chestnut, daga baya suka koma wani tsohon masauki a Bilanoba, kusa da Filadelfiya, da ake kira Red Rose Inn, inda suka zauna har 1906. Da aka tashe su suka koma wani gida a unguwar Mount Airy. Akwai mace ta huɗu da ba ta zane, Henrietta Cozens, ita ke riƙe da gida da lambu. Ba a cika ba ta haƙƙinta ba. A zamanin da ake ɗauka mace ko aure ko sana'a, Pyle kansa ma haka ya yi imani, waɗannan mata sun raba kuɗin haya, sun samu wadda ta ɗauke musu hidimar gida, ta haka suka sayi abin da maza masu zane suke samu kyauta, wato yini cikakke gaban allon zane. Suna kuma duba aikin juna kafin ya tafi wurin edita. Green ta samu kwantiragi da mujallar Harper's a 1901, Oakley ta samu aikin zanen bango a ginin majalisar jiha a Harisbag a 1902, Smith kuma ta yi wa mujallun Scribner's da Century da Collier's aiki, ga tallar sabulun Ivory da kyamarar Kodak. Green ta yi aure a 1911. Smith ba ta taɓa aure ba, ba ta kuma haihu ba.

Yanzu ga batun launi, inda gwanintarta ta fi fitowa. Bugun launi na wancan lokaci yana buƙatar a ɗauki hoton zane sau da yawa ta cikin gilasai masu launi. Jan gilashi yana ba da farantin shuɗi, kore yana ba da farantin ja, shuɗi mai sirkin shunayya yana ba da farantin rawaya, sannan a ƙara na baƙi. Kowane faranti na jan ƙarfe ne, kowanne da ɗige-ɗigensa, kuma dole a karkata layukan ɗigon kowanne daban. Abin da aka saba: baƙi digiri 45, ja 75, shuɗi 15, rawaya 90. Launuka uku masu ƙarfi suna da tazarar digiri 30 a tsakaninsu, rawaya da ido bai cika kama ta ba ita aka bar wa matsatsin wuri. Idan aka kuskure kusurwa, sai wani zane ya bayyana a fuskar hoton kamar saƙar tabarma. Takarda za ta bi ta inji sau huɗu, kuma tana miƙewa ko ta tsuke gwargwadon damshin iska. Ko kaurin gashi faranti ɗaya ya goce, sai ka ga jan leɓe ya zauna a gefen baki, ko farin zare ya kewaye riga.

Dubi aikinta na farkon shekarun 1900, irin hotunan da ta yi wa littafin waƙoƙin yara A Child's Garden of Verses a 1905. Kowane yaro, kowace kujera, an kewaye su da baƙin layi mai kauri, launukan da ke ciki a shimfiɗe suke, ba su da yawan hawa da sauka. Masana kan danganta wannan da zanen Japan da ya mamaye Turai da Amurka a lokacin, kuma akwai gaskiya a ciki. Amma ka tambayi duk wanda ya taɓa tsayawa kan inji: wannan layi shi ne yake rufe gocewar faranti, domin launi biyu suna haɗuwa ne a ƙarƙashinsa, ko sun zarce ko sun gaza ba mai gani. Launin da yake a shimfiɗe kuma yana da sauƙin rabewa zuwa faranti huɗu. Da bugu ya inganta, sai ta riƙa sassauta layin, har a aikinta na baya ya kusa ɓacewa, haske da launi suka karɓi aikin raba siffofi.

Kayan aikinta gauraye ne: gawayi, fentin ruwa, fenti mai kauri da ba ya nuna abin da ke ƙasa, allin launi, da fentin mai, sau da yawa a kan takarda mai ƙurji-ƙurji. Haɗa waɗannan a hoto guda yana da tsari, wanda ya tsallake mataki zai yi kuka. Ana fara jiƙa takarda a manne gefenta a allo ta bushe a miƙe, in ba haka ba za ta kumbura da zarar ruwa ya taɓa ta. Sai a zana da gawayi, ƙurjin takardar ya kama garin ya bar ƙananan fararen ramuka, su ne suke sa hoton numfashi. Sai a fesa masa ƙaro da aka narkar a sifirit, sama-sama, sau biyu ko uku, daga nesa. Idan ba a fesa ba, buroshi zai kwashi gawayin ya dama shi da launi, fatar yaro ta koma ruwan toka. Idan aka cika fesawa, takardar ta toshe, fentin ruwa ya riƙa taruwa ɗigo-ɗigo ya ƙi zama. Fentin ruwa ana sa shi daga mai haske zuwa mai duhu, kowane shafi ya bushe kafin na gaba. Fentin mai shi ne na ƙarshe, kuma siriri, domin mai yana hawa kan ruwa amma ruwa ba ya hawa kan mai. Takardar da ba a toshe ta ba kuwa tana shan man, ya yi mata zobe, da shekaru ya sa ta yi ja ta riƙa karyewa. Man ƙyalli yana zurfafa launi, sai dai yana mayar wa kyamara haske, don haka ba a lafta shi.

Ba ta son yaran da ake haya don a zana su, waɗanda aka koya wa tsayawa da murmushi. 'Ya'yan ƙawaye da maƙwabta take gayyata, su yi wasa a lambu ko a ɗakin aiki, ita tana kallo tana zana. Dalilin a fili yake. Yaron da aka ce ya tsaya, kafaɗarsa tana ɗagawa, yatsunsa su sandare, idonsa ya koma kan babban da ya ba shi umarni. Yaron da hankalinsa ya tafi kan kwano ko kyanwa kuwa, yatsun ƙafarsa suna lanƙwashewa ciki, bakinsa ya ɗan buɗe, kuma ba zai riƙe wannan hali fiye da 'yan daƙiƙu ba. Saboda haka sai zane mai sauri, layin baya da karkatar kai tukuna, sauran a cike daga baya, kyamara kuma ta riƙe ninkin tufafi da faɗuwar haske. Shi ya sa da yawa daga yaranta ba sa kallon mai kallo, suna can cikin sha'aninsu.

Littattafan da ta yi wa hotuna sun haɗa da Little Women a 1915, The Water-Babies a 1916 da Heidi a 1922. A irin waɗannan littattafai ba a buga hoton launi tare da rubutu, domin takardar rubutu ba ta ɗaukar ɗigo masu laushi. Ana buga shi daban a takarda mai santsi, a manna shi da hannu da siririn gam a gefe ɗaya. Kowane hoto ƙarin kuɗi ne, don haka ana ƙayyade su, sau da yawa 8 ko 12 a littafi mai ɗaruruwan shafuka. Mai zane ba zai zaɓi wuraren da suka fi burge shi kawai ba, sai ya baza hotunan daga farko zuwa ƙarshe, kada rabin littafi ya tafi babu ko ɗaya. Kuma fuskar yaron da ke hoto na 1 dole ta zama ita ce a hoto na 12, ko da wata shida ne tsakaninsu. The Water-Babies yana da manyan hotuna 12, kuma a nan ne muke ganin ta kai ƙololuwa, domin ta zana yaro a cikin ruwa, inda babu ƙasar da zai taka, babu inuwar da za ta ɗaure shi, kore da shuɗi kuma su ne launukan da suka fi wahalar fita daidai a bugun faranti huɗu. A 1919 ita ta zana fostar makon littattafan yara na farko a Amurka.

Daga ƙarshen 1917 zuwa 1933 ita ce take zana bangon mujallar Good Housekeeping, wata bayan wata, bango fiye da 180, ana biyan ta sama da dala 1,500 kowanne. Kaɗan ne cikin masu zane na lokacin, maza ko mata, suka kai haka. Bango ba hoton littafi ba ne. Saman shafi na sunan mujalla ne, dole a bar masa fili ko a tsara yadda kan yaro zai ɗan shiga cikin haruffa ba tare da ya rufe su ba. Dole a gane hoton daga nesa a teburin mai sayar da jaridu, cikin mujallu barkatai, saboda haka mutum ɗaya ko biyu, baya a sauƙaƙe, launi guda ya yi rinjaye. Ana miƙa aiki watanni kafin fitowarsa, mai zane yana zana dusar ƙanƙara ana tsakiyar zafi. Babbar wahalar ita ce maimaici: uwa da ɗa, ɗa da abin wasa, shekara 15, ba tare da bango biyu sun zama ɗaya ba. Ta riƙa sauya kusurwa da yanayin shekara, ta yi jerin yaran da ke cikin sanannun labarai.

Shaida ba ta cika sai da abin da ya rage. Duniyar da ke kan bangon nan ƙunƙuntacciya ce: yara masu ƙoshi, masu tsabta, akasari farare, 'ya'yan masu hali. A shekarun da take tashe, Lewis Hine yana yawo da kyamara yana ɗaukar yaran da ke aiki a masaƙu da ramukan kwal na ƙasar. Da wuya ka ga irinsu a bangonta. Mujallar tana sayar wa matan gida irin rayuwar da suke buri ne, ita kuma abin da aka saya ta kawo. Wasu bangon ma zaƙinsu ya yi yawa, ana ganin alamar gajiya a jikinsu.

Tun kafin ta fara zana bangon nan, kuɗin zane ya ba ta damar gina gidanta mai ɗaki 16 da wurin aiki, kusa da inda suka zauna da ƙawayenta, ta sa masa suna Cogshill, ta zauna da Cozens da ɗan uwanta da wata gwaggonta. Daga wajen 1925 ta fi karkata ga zanen fuskokin 'ya'yan masu kuɗin Filadelfiya, aikin da babu inji a tsakani. Idanunta suka fara rauni, ta ajiye bangon mujalla a 1933. A shekarar ta yi tafiya zuwa Turai, ta dawo jiki ya ƙara lalacewa. Ta rasu a gidanta ranar 3 ga Mayu, 1935, tana da shekara 71, daidai lokacin da hoton kyamara mai launi ya fara ƙwace bangon mujallu daga hannun masu zane.

Ainihin hotuna 12 na The Water-Babies ta bar su wasiyya ga ɗakin karatu na Majalisar Dokokin Amurka da ke Washinton. Sun fi waɗanda ke cikin littafin girma nesa ba kusa ba, kuma da gawayi da fentin ruwa da fentin mai aka yi su. Irin wannan aiki ba ya jure haske, fentin ruwa yana kodewa, takarda tana yin ja, don haka ba a barin sa a rataye kullum, sai a fito da shi na ɗan lokaci a mayar.